WATA UKU BABU SABIS: WA ZAI RUBUTA MANA SHI?

 

Da za a ce kowa a cikinmu ya ɗaga abin da yake rubutu da shi, kusan dukkanmu waya za mu ɗaga. A cikinta muke buga labari da babban yatsa, a cikinta muke sakin shafi a zauren WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, a cikinta masu karatu ke yi mana sharhi, a cikinta kuma alat ke shigowa idan wata baiwar Allah ta biya ɗari biyar ɗin shiga zauren kuɗi. Maɗaba'armu da kasuwarmu da bankinmu da akwatin ajiyar rubutunmu duk sun taru a abu guda da bai fi tafin hannu ba. To wannan abu guda akwai masu iya rufe mana shi ba tare da sun ji ta bakinmu ba, kuma dalilin rufewar ba ya wuce inda Allah ya ajiye mu. Wani lokaci gwamnati ce za ta ce yankinku ba lafiya, a kashe. Wani lokaci kamfani ne can a Amurka zai ce ƙasarku ba ta cikin jerinmu. Mu da muke zaune tsakanin Funtuwa da Malumfashi mun ɗanɗana duka biyun. Ra'ayinmu shi ne marubucin wannan yanki bai kamata ya jingina dukkan rubutunsa a ƙofar da makullinta ke aljihun wani ba, kuma akwai bashin labari a kansa wanda babu mai biyansa sai shi.

Saboda waɗanda suka shigo zauren daga nesa, ko suke ƙanana a lokacin, bari mu tuna yadda abin ya faru. Ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ke shugabanta a lokacin, ta umarci kamfanonin waya su kashe ƙarafunan sabis ɗinsu a faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, don jami'an tsaro su samu damar murƙushe 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Umarnin kuma bai tsaya a kan iyakar jihar ba, ya haɗa da duk wani ƙarfe da ke maƙwabta wanda sabis ɗinsa ke iya tsallakawa cikin Zamfara. A kwanakin farko Funtuwa ce ta zama rumfar wayar mutanen Tsafe da Gusau. Mutum ya biya kuɗin mota, ya ratso hanyar da kowa ke tsoro, don kawai ya kira ɗansa a Legas ko ya ga ko kuɗi sun shigo masa. Gemun ɗan uwa ne ya kama da wuta, kafin mu kai hannu ga ruwa ta iso namu. Ba a cika mako biyu ba aka kashe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina: Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Ɗanmusa, Dutsinma, Kurfi, Safana, Batsari da Jibiya. Sakkwato ta biyo baya da ƙananan hukumomi 14, Kaduna ma ta kashe a wasu sassanta. Sai a watan Disamba Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin a mayar mana. Wata uku kenan, kusan cur.

Kashe sabis ɗin ba shi kaɗai ya zo ba. Tun ƙarshen Agusta gwamnan ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Malumfashi da Ƙafur da Faskari, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Daga baya aka ƙara da hana shagunan cajin waya. Wanda ke zaune a GRA da sola a saman ɗakinsa ba zai gane nauyin wannan na ƙarshen ba. A ƙauyen da ba a taɓa kafa turken wutar lantarki ba, ko aka kafa amma tiransifoma ta ƙone shekara uku, mai caji shi ne NEPA. Idan ya rufe, waya ta mutu gaba ɗayanta: fitilarta, rediyonta, karatun Alƙur'anin da ke cikinta, da babi ashirin ɗin da yarinya ta buga ta ajiye tana jiran ranar da sabis zai dawo.

Ku duba kuma lokacin da abin ya faɗo. Satumba zuwa Disamba a wajenmu kaka ce. Lokacin ne ake cire masara, a yanke dawa da shinkafa, a casa waken suya, a tsinci auduga, motoci su yi layi a Ɗandume da Funtuwa da Bakori suna lodi zuwa Dawanau da kudu. Manomin yanzu kafin ya ɗora buhu a kan amalanke sai ya kira ya ji nawa ake saye a Kano, nawa a Zariya. Wannan kiran na naira ashirin shi ne garkuwarsa a gaban dillali. Da aka cire shi, farashi ya koma abin da mai saye ya faɗa. Fatake kuma da suka saba biya da tiransifa sai suka koma ɗaukar tsabar kuɗi a jaka, a kan hanyoyin da saboda haɗarinsu ne ma aka kashe sabis ɗin. Masu POS, waɗanda yawancinsu sa'o'inmu ne da suka gama difloma suka rasa aiki, wasu suka naɗe tabarma, wasu suka bi sabis zuwa inda yake. Layin banki kuwa sai wanda ya gani.

Namu na marubuta ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da na manomi, amma tunda zauren namu ne bari mu faɗe shi. Kasuwar littafin intanet tana tafiya ne a kan alkawari guda: kullum akwai ci gaba. Marubuciya ta saki shafukan ɗanɗano kyauta, masu so suka biya ɗari uku ko ɗari biyar, da tiransifa ko da katin waya, aka zuba su a zauren kuɗi, ita kuma ta ɗauki nauyin kawo musu shafi duk dare. Ranar da aka kashe sabis, masu karatunta na Kano da Kaduna da Maraɗi da Jidda ba su ga sanarwar komai ba. Abin da suka gani shi ne marubuciya ta karɓi kuɗi ta ɓace. Sunan da ta yi shekara biyu tana ginawa sai ya koma na macuciya, ba ta kuma da hanyar cewa ba laifina ba ne. Wasu suka riƙa tara shafuka na mako guda, su shiga mota zuwa Zariya ko wani gari mai sabis su saki gaba ɗaya, kuɗin motar ya cinye ribar littafin. Wannan ma namiji ne ko macen da aka yarje wa fita. Matar aure da ke rubutu a ɗakinta, wadda wayar ce kaɗai tagarta zuwa duniya, sai dai ta haƙura. Kuma kowa a zauren nan ya san irinsu ne suka fi yawa a cikinmu.

Ba za mu yi wa gwamnatin wancan lokaci rashin adalci ba. Waɗanda suka kashe sabis ba don nishaɗi suka yi ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu. Kowa ya san da waya infoma ke sanar da daji cewa wane ya sayar da shanu, ko motar sojoji ta bi ta hanya kaza, da waya kuma ake cinikin kuɗin fansa. Mutanenmu da yawa sun yi maraba da matakin, suka ce in dai za a yi barci da ido biyu rufe, a riƙe wayar har shekara. Mu ma da aka tambaye mu a makon farko da haka za mu ce.

Matsalar ita ce wuƙar kaifi biyu gare ta. Layin da infoma ke kira da shi, shi ne layin da mai unguwa ke kiran DPO da shi idan an ga babura sun doso gari, shi ne wanda ƙauye ke gargaɗin ƙauyen gaba da shi. Ɗan bindiga yana da babur da fetur ɗin da ya saya ta bayan fage, yana iya zuwa inda sabis yake, a bakin iyaka ma an ruwaito suna amfani da layukan Nijar. Talakan da aka hana goyon mutum biyu a babur shi ne ya zauna a duhu. A watan Oktoba na shekarar, ana tsakiyar rufewar, aka kai hari kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato aka kashe sama da mutum 40. Bayan an mayar da sabis kuma hare-haren ba su tsaya ba, har gwamnan da kansa ya fito yana kira ga jama'a su tashi su kare kansu. Hukuncin kan mai uwa da wabi ne aka yi wa miliyoyin mutane, amma ba a zo an zaunar da su an ce ga abin da aka samu, ga abin da aka rasa ba.

A nan ne muke da magana da wakilanmu na majalisa. Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003, a sashe na 148, ta ba hukumar ikon dakatar da sabis idan an shiga halin gaggawa ko don kare lafiyar jama'a. Ba mu ce a soke ikon ba. Muna cewa a ɗaure shi da sharaɗi: a buga umarnin a fili kowa ya karanta, a sa masa ranar ƙarewa ta gaskiya, idan za a tsawaita a koma gaban majalisa ko alƙali, a bar wata hanya ta kiran asibiti da jami'an tsaro, sannan bayan an gama a fito da rahoto. Mako biyun da ya rikiɗe ya zama wata uku ba tare da kowa ya yi bayani ba, shi ne abin da bai kamata a maimaita ba. Kada kuma wani ya ce ai ya wuce. An yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013. An yi a yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru a 2017, daga Janairu zuwa Afrilu. Maƙwabtanmu na Nijar an katse musu intanet ɗin waya na kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Abin da gwamnatoci suka gwada suka ga babu wanda ya tuhume su, suna komawa gare shi.

Akwai wani abu da ya kamata ya dame mu a matsayinmu na masu alƙalami. A daidai wannan lokacin gwamnatin tarayya ta toshe Twitter, daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022. Duniya ta ɗauka. Jakadun ƙasashe suka yi magana, lauyoyi suka tafi kotun ECOWAS, a Yulin 2022 kotun ta ce toshewar ta saɓa wa haƙƙin faɗar albarkacin baki. Madalla da hakan. Sai dai wanda aka toshe wa Twitter a Legas ko Abuja yana sauke VPN ya ci gaba da harkarsa, har ya yi amfani da Twitter ɗin wajen zagin waɗanda suka toshe ta. Mu kuwa VPN ba ta da abin da za ta yi mana, domin ita hanya take sauyawa, mu kuma hanyar ce gaba ɗaya aka haƙe. Wanda aka ƙwace wa manhaja guda ya cika duniya da kuka. Wanda aka ƙwace wa komai ba a ji shi ba, saboda abin kukan ne aka ƙwace. Shi ya sa idan yau ɗalibi ya shiga intanet yana binciken shekarar 2021 a Najeriya, zai samu tulin rubutu a kan Twitter, a kan wata ukunmu kuwa sai 'yan rahotannin jarida da aka rubuto daga Katsina ko Kaduna. Babu hotunanmu na lokacin a Facebook, babu saƙonninmu, babu sharhinmu. Rami ne a tarihi, kuma girmansa daidai girman yankinmu.

Ƙofa ta biyu ba ta da hayaniya irin wannan, amma kullum a rufe take. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sayar da littafinsa a wajen Najeriya ya san ta. Amazon yana da tsarin da marubuci ke ɗora littafinsa da kansa, KDP, yana kuma da jerin harsunan da ya ce yana karɓa. A cikin jerin akwai Manx, harshen wani ɗan tsibiri tsakanin Ingila da Ayalan wanda masu jin sa ba su kai dubu biyar ba. Hausa, mai mutane miliyoyi daga Agadas zuwa Kumasi zuwa Sudan, ba ta ciki. Wanda ya rubuta da Turanci ma, shekara da shekaru sai ya bi ta wani kamfanin tsakiya irin Payoneer kafin kuɗinsa su iso bankin gida. PayPal da ya shigo Najeriya a 2014 ya shigo ne da sharaɗin mu biya amma kada a biya mu, ya kuma daɗe a haka. Mai shafin intanet da ke rubutu da Hausa zalla ya san wahalar samun tallan Google, domin Hausa ba ta cikin harsunan da tsarin AdSense ya amince da su. TikTok na biyan masu bidiyo a Amurka da Ingila da Faransa da Jamus gwargwadon masu kallo, ɗan Najeriya kuwa sai dai ya jira kyautar masu kallon kai-tsaye. Facebook sai a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya kuɗin talla. A 2022 kuma bankunanmu suka rage abin da katin naira ke iya saye a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya yawancinsu suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa. Wato akwai shekarun da ko littafin koyon rubutu na dala biyar ba ka iya saye da kuɗinka na halal da ke asusunka.

Kamfanonin nan suna da dalilansu: dokokin haraji, tsoron 'yan damfara, ƙarancin masu talla, rashin ma'aikatan da za su duba abin da aka rubuta da harshen da ba su ji. Kasuwanci suke yi, ba zakka suke rabawa ba. Abin da ya fi damunmu shi ne maganin da ake sayar wa ƙannenmu. Kullum sai ka ga talla a zaurukan marubuta: biya dubu biyar a koya maka buɗe asusun Amurka, a ba ka lambar waya da adireshin wani gida a Texas, ko a ara maka asusun wani ɗan uwa da ke Landan. Hukuncin wannan a addini mun bar wa malamai, su ne masu fatawa. Mu dai ta fuskar sana'a muna ganin asara ce. Ranar da kamfanin ya nemi katin shaida, kuma yana nema, za a rufe asusun da kuɗinka a ciki, ba ka da kotun da za ka je domin kai ka fara karya sharaɗi. Idan asusun aro ne, a idon kamfani littafin na mai asusun ne, zumunci ya ɓaci ka ga yadda gumin shekara biyu ke komawa gadon wani. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Sannan akwai asarar da ta shafe mu duka. Kamfani da alƙaluma yake yanke shawarar inda zai buɗe. Duk marubucin Funtuwa da ya yi rajista a matsayin mutumin Texas ya ƙara wa Texas lamba ɗaya, ya rage wa Hausa ɗaya. Gobe idan an zauna a ofishinsu ana duba ko akwai kasuwa a arewacin Najeriya, takarda za ta nuna babu kowa.

Wani zai ce to mu koma wa na gida mana. Mun yarda, kuma muna ƙarfafa duk manhajar da 'yan arewa suka gina don littattafan Hausa, domin su ne ke karɓar naira, su ne ke jin harshenmu. Amma mu tuna da OkadaBooks. Ɗan Najeriya ne, Okechukwu Ofili, ya kafa ta a 2013, marubutan Hausa da yawa sun sayar da littattafai a cikinta, ta yi shekara goma tana aiki, a ƙarshen Nuwamba 2023 ta rufe saboda matsin tattalin arziki. Babu gwamnan da ya sa hannu, babu Bature da ya ce ba ya son mu. Masoyi ma yana iya rufe shago.

Mu waiwaya gida kaɗan. Garin nan na Funtuwa shi ya ba adabin Hausa Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni. Malumfashi kuma ta ba shi Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya daɗe yana fafatawa da marubutan wancan zamani a kan abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano. Ko mutum yana gefen Anti ko yana gefen Farfesa, abu guda ba ya musuwa: littattafan da suka yi gardama a kansu suna nan. Ka buɗe akwatin yayarka ko adakar innarka za ka same su, bango ya yage, wata ta rubuta sunanta a shafin farko, wata ta goge ta sa nata. Littafi guda mata goma sun karanta shi ta hanyar haya da aro. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, amma wutar kwafin da ke gabanta kaɗai ta ci, sauran dubban suna ƙarƙashin filo a Gusau da Damagaram. Takarda ba ta da makunni guda da mutum ɗaya zai latsa daga Abuja.

Ba muna cewa a jefar da waya a koma Sabon Gari neman ɗan kasuwar da zai buga mana ba. Mun san kuɗin rim ɗin takarda yau, mun kuma ji yadda 'yan kasuwar littafi suka riƙa yi wa iyayenmu marubuta. Waya ce ta ba yarinyar da ke Tsiga ko Dabai damar samun masu karatu dubu ba tare da ta roƙi kowa ba, wannan ni'ima ce. Maganarmu a kan ajiya ce da hanya ta biyu. Mu da muka ɗan zauna a ajin kwamfuta a kwalejin fasaha, abin da aka fara cusa mana shi ne duk abin da ke wuri guda ba a ajiye shi ba tukuna. Littafin da ka gama, ka sa shi a memori, ka tura wa amintacce a wani gari, ka je shagon kwamfuta a fitar maka da kwafi ko guda ne a ɗinke. Lambobin masu karatunki na gaske, waɗanda ke biya duk littafi, ki kwafe su a littafin rubutu da biro, ki kuma samu mutum guda a wajen yankin nan wanda idan an ji ki shiru zai shiga zaure ya ce ga abin da ya faru. Wannan ɗan tanadin kaɗai da ya ceci sunan mutane da yawa a 2021.

Mu lura kuma da abin da bai mutu ba a wata ukun nan. Rediyo bai mutu ba. 'Yan dawunlodin da ke bakin kasuwa, masu tura fim da waƙa da wa'azi a memori, ba su rasa ciniki ba, domin sana'arsu ba ta bukatar ƙarfen sabis, daga kwamfuta zuwa waya ne, daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. Mun saba kallonsu a matsayin ɓarayin fasaha, kuma sau da yawa hakan ne, kamar masu haɗa littattafanmu a dokumen suna rabawa kyauta. Amma hanya ce shimfiɗaɗɗiya da ta kai kowane ƙauye, har wurin matan da ba su iya karatun boko ba amma suna sauraron littafi idan an karanta shi da murya. Ƙungiyoyinmu na marubuta, maimakon taron shekara da rabon takardar yabo kaɗai, me zai hana su zauna da ƙungiyar 'yan dawunlodin a yi yarjejeniya, su kuma haɗa kuɗi a buga tarin gajerun labarai ko sau ɗaya a shekara a kai makarantu?

Sai bashin da muka ambata tun farko. Ku duba labaran da muke sakawa a zauren nan. Jarumi yana Dubai, jaruma tana Abuja, rikicin ya tashi ne saboda ta ga saƙo a wayarsa, ya warware saboda an tura mata bidiyo. Ba laifi ba ne, masu karatu na so. Amma muna zaune a kan labarin da babu wanda ke da shi a duniya sai mu. Gidan da ake tsakiyar cinikin fansar ɗansu, an tsaya a kan za a kira gobe, da safe aka wayi gari babu sabis. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare, mai motar da aka saba kira yana unguwa ta uku, ga dokar hana yawon babur. Ɗan da ya iso daga Fatakwal da tsarabar mahaifiyarsa ya tarar an yi sadakar bakwai. Direbobin tasha da suka koma 'yan aike, aljihunsu cike da 'yan takardu, wasiƙa ta dawo bayan an yi shekaru da binne ta. Samarin da ke hawa kan dutse ko saman bene suna ɗaga waya sama ko Allah zai sa sanda guda ta fito. Saurayi da budurwar da soyayyarsu duk a waya aka gina ta, yanzu dole ya zo zaure ya zauna ya yi magana da bakinsa, a ga ko akwai abin faɗa. Har da infoman kansa, wanda aka yi duk wannan dominsa: wane ne shi, ɗan wa ne, me ya ci a wata ukun? Duk malamin rubutu zai gaya muku hali na fitowa ne idan aka toshe wa tauraro hanya mai sauƙi. Mu an toshe wa yanki guda, muna ciki muna kallo.

Wanda zai ɗauki wannan aiki, shawararmu kada ya dogara da tunaninsa kaɗai, kada kuma ya kama sunan kowa ba da izininsa ba, musamman gidajen da aka taɓa ɗaukar musu mutum. Shekaru sun shuɗe, mutane sun fara cakuɗa watannin da na ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Ku je wurin mai cajin da ke bakin tasha ku tambaye shi ranar da aka zo rufe masa shago da abin da ya koma yi. Ku tambayi dillalin masara a Ɗandume nawa buhu ya kai a makon farko da na ƙarshe, ku tambayi ungozoma da ma'aikaciyar asibitin ƙauye, ku tambayi direban layin Zariya nawa yake karɓa a kan takarda guda. Ku rubuta amsar da kwanan wata da sunan garin, a takarda.

Muna jiran jin na garuruwanku, musamman 'yan uwa na Zamfara da Sakkwato da Birnin Gwari da ke cikin zauren nan. Allah ya zaunar mana da yankinmu lafiya. Wassalam.